Yadda ake ba tsohuwar Windows masauki a cikin sabuwar kwamfuta

Wata ranar Asabar wani dattijo mai yankan sitika a Aboabo, nan Kumasi, ya shigo shagona da sabuwar kwamfutar cinya a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma wani faifan CD da ya sha jiki, naɗe cikin ledar burodi. Shi ke yanka rubutun da ake liƙawa a gilashin bayan motocin haya na trotro da tasi da ƙofofin shaguna. Tsohuwar kwamfutarsa ta tebur ta ƙone ne daren da wuta ta dawo da ƙarfi bayan dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki. Ɗansa ya je Adum ya sayo masa wannan mai Windows 11, aka aro makarancin faifai aka jona mata, amma manhajar injin yankan ta ƙi shiga. Wani ya ce masa sai dai ya sayi sabon inji.

"Ɗana," in ji shi, "injin nan lafiyarsa ƙalau. Ko makon jiya na canza masa wuƙa. Kan me zan jefar da abin da nake ci da iyalina da shi?"

Na ce, "Baba, ba za a jefar ba, in Allah ya yarda. Zauna ka huta."

Kafin magariba muna rumfarsa injin yana yanka. Abin da na yi ranar shi zan bayyana daki-daki, don ba shi kaɗai ke cikin wannan halin ba. Akwai makanikai a Suame Magazine masu tsohuwar manhajar binciken mota, akwai masu injin surfani, akwai masu shago da lissafin shekaru ke cikin manhajar da sabuwar kwamfuta ba ta buɗewa. Yana ƙona mini rai in ga an yar da kayan sana'a mai lafiya saboda abin da za a iya gyarawa cikin yini guda.

Dalilin ƙin da kwamfutar ta yi ba wani asiri ba ne. Windows XP, wadda manhajar Baba ta saba da ita, ta fito a 2001, kamfanin Microsoft kuma ya daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu, 2014. Duk injin da ake jonawa da kwamfuta yana da 'yar manhajar da ke shiga tsakaninsu, wadda muke kira direba. Direban injin Baba an rubuta shi ne don Windows mai 32-bit, Windows 11 kuwa 64-bit ce zalla, ba ta karɓar direban 32-bit ko kusa. Manhajoji masu 16-bit na zamanin DOS su ma ba sa tashi a kanta. In kuma ka ce bari ka goge Windows 11 ka zuba XP kai tsaye, nan ma ba ta ɓullewa, don XP ba ta san diskin zamani ba, ba ta san USB 3 ba, ba ta da direban allo ko na sauti na injunan yanzu.

Mafita ita ce a bar sabuwar Windows a inda take, a yi wa tsohuwar ɗaki a cikinta. Kakanninmu da suka zo Asante fataucin goro ba gida suke ginawa ranar da suka iso ba. A zango suke sauka wurin maigida, ya ba su ɗaki, ya ciyar da su, ya haɗa su da masu saye da sayarwa. To haka wannan aikin yake, har su masu ƙera manhajojin da sunan mai masauki da baƙo suke kiran ɓangarorin biyu. XP za ta tashi cikin taga ɗaya a kan allonka, tana ganin kamar ita kaɗai ce a cikin kwamfutar zamaninta, alhali diskinta duka fayil ɗaya ne a cikin folda.

Fara sanin irin baƙon da za ka saukar

Baƙi iri biyu ne. Akwai wanda yake jin Twi, harshen Asante, ɗaki kawai zai nema, ya shiga kasuwa da kansa. Akwai wanda sai an haɗa shi da tafinta, kowace kalma sai an juya masa. XP da Windows 7 suna jin harshen furosesan Intel da AMD na yau, don haka ɗaki kawai suke bukata, aikinsu yana wucewa kai tsaye zuwa furosesa, shi ya sa suke gudu. Wannan aikin VirtualBox ne, manhajar da ke gina wa baƙo ɗakin. Waɗanda suka girme su kuwa, DOS da Windows 95 da 98, sun fi zama lafiya idan an kwaikwaya musu tsohon inji gaba ɗaya, daga furosesa har katin sauti, ana fassara kowane umarni ɗaya bayan ɗaya. Wannan kwaikwayon ya fi nauyi, amma ya fi kama da na asali.

Idan manhajarka ta DOS ce, DOSBox ta ishe ka. Girka ta, ka buɗe folda a diskin C ka sa mata gajeren suna, misali tsoho, ka zuba manhajar a ciki. Da ka kunna DOSBox za ka ga baƙin allo da harafin Z. Rubuta mount c c:\tsoho ka danna Enter, sannan ka rubuta c: ka sake dannawa. Rubuta dir ka ga abin da ke ciki, ka rubuta sunan fayil ɗin da ya ƙare da exe ko com ko bat. In abin yana gudu fiye da kima, Ctrl da F11 suna rage masa sauri, Ctrl da F12 suna ƙarawa. Amma ka sani don wasanni aka yi DOSBox. Mai manhajar lissafi da ke son buga takarda ya nemi ƙanwarta, DOSBox-X.

Windows 95 da 98 kada ka wahalar da kanka da su a VirtualBox. Za su iya shiga, amma allon yakan tsaya a launi 16, kuma sabbin furosesa suna rikita su. 86Box ita ce tasu. Tana bukatar tarin fayilolin ROM a cikin folda mai suna roms kusa da ita, sannan ka zaɓi injin da kake so ta kwaikwaya: Pentium, RAM megabayit 64 ko 128, katin allo na S3, katin sauti na Sound Blaster 16, diski na gigabayit 2. Tana nuna maka saurin kwaikwayon da kashi cikin ɗari. In ka ga ya kasa kaiwa 100, sauti yana yankewa, to kwamfutarka ba ta iya ɗaukar injin da ka zaɓa ba, koma kan Pentium mai ƙarancin gudu. Wanda kuma yake da Mac mai furosesan M1 ko na bayansa, harshensu daban ne da na Intel, dole sai tafinta: ya sauke UTM, wadda aka gina a kan QEMU, ya zaɓi Emulate.

Sauran bayanin duka a kan XP ne, don ita ce mafi yawan mutanenmu ke nema.

Tanadi

Kwamfuta mai RAM gigabayit 4 za ta yi, mai 8 ta fi sakewa, kuma ka tabbata akwai fili a diski kamar gigabayit 30. Ta hannu irin da ake shigowa da su daga Turai ma ta isa. Kana bukatar faifan XP da mabuɗinsa mai haruffa 25, da faifan direba da manhajar injinka. Ka lura mabuɗi da faifai sai sun zama jinsi ɗaya: na Home ba ya buɗe Professional, kuma wanda ke manne a jikin tsohuwar kwamfuta an sayar da shi ne tare da ita, ba kowane faifai ke karɓarsa ba.

Mayar da faifan ya zama fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, tun kafin ya ƙarasa lalacewa. Manhajar ImgBurn kyauta ce: sa faifan a makaranci, zaɓi inda aka ce a yi hoto daga faifai, ka nuna mata inda za ta ajiye. Yi wa faifan direban ma haka. Na Baba sai da na goge shi da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, kafin ya karantu. Ina roƙonka ka guji XP ɗin nan da ke yawo a filashi, wadda wani ya yi wa kwaskwarima ya canza mata launi ya cusa mata manhajoji. Ba ka san abin da aka ɓoye a ciki ba, kuma sau da yawa an cire mata abubuwan da direban injinka zai nema.

Tsohuwar kwamfutar da ta ƙone ma kada ka sayar wa masu gwangwan tukuna. Yawanci abin da ke ƙonewa shi ne akwatin wuta ko babban allon ciki, diskin yana nan da ransa. Ciro shi, ka jona shi da sabuwar ta wayar da ke mayar da IDE ko SATA zuwa USB, ka kwashe fayilolin aiki. Kada ka manta da foldar Fonts da ke cikin foldar Windows. Ga mai yankan sitika salon rubutun nan su ne rabin jarinsa, don in babu su duk tsofaffin zanensa za su buɗe da wani rubutu daban.

Buɗe ƙofa a BIOS

A nan mutane da yawa ke maƙalewa. Tun daga VirtualBox 6.1 manhajar ba ta tayar da baƙo sai furosesa ya ba da izini, kuma wasu kwamfutoci suna zuwa da izinin a kashe. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, shiga Performance, taɓa CPU, ka duba ƙasa inda aka rubuta Virtualization. In ka ga Enabled, wuce gaba. In Disabled ne, kashe kwamfutar, ka kunna kana ta danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi: F10 a HP, F2 a Dell, F1 ko F2 a Lenovo. Nemi Intel Virtualization Technology ko VT-x, in kuma AMD ce nemi SVM ko AMD-V. Kunna shi, ka ajiye, ka fita. Kada ka taɓa komai ban da wannan.

Gina ɗakin

Sauke VirtualBox daga shafin masu ita, ba daga wani wuri ba. Kyauta ce, tana hannun kamfanin Oracle tun 2010. In ta ce sai an fara girka Microsoft Visual C++ Redistributable, sauke shi daga shafin Microsoft ka girka, sannan ka dawo. Intanet zai yanke na ɗan lokaci tana shiga, ba matsala ba ce.

Buɗe ta ka danna New. Ba ɗakin suna, ka nuna mata fayil ɗin ISO na XP, ka tabbata nau'in da ta zaɓa Windows XP 32-bit ne. Za ka ga wani wuri da ke maganar Unattended Installation, wato ta girka maka komai da kanta. Ni ba na barinta, na fi son in bi da hannuna in ga kowane mataki, don in abu ya ƙi in san inda ya ƙi.

Wajen RAM, ba ta megabayit 1024. XP da 128 aka ce tana sakewa a zamaninta, don haka wannan biki ne a wurinta. Kada son kyautatawa ya sa ka zuba mata rabin abin da kake da shi: XP mai 32-bit ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabayit 3 da ɗoriya, kuma in ka ƙuntata wa mai masauki, baƙuwar ma ba za ta ji daɗi ba. Furosesa bar shi a 1. Diski ba ta gigabayit 20, kuma kada ka taɓa akwatin Pre-allocate Full Size. In ka bar shi, fayil ɗin zai fara ƙarami ya riƙa girma gwargwadon abin da aka zuba.

Kafin ka kunna, shiga Settings ka duba abu uku. A Storage, diskin ya kasance a ƙarƙashin IDE. XP ba ta zo da direban SATA ba, in ka sa ta a can za ta ce ba ta ga diski ba, ko ta jefo maka shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. A USB, zaɓi USB 2.0, don ba ta san na 3 ba. Tun daga VirtualBox 7.0 wannan yana cikin manhajar, ba sai ka nemi wani ƙari ba. A Network kuma, cire alamar da ke kan Enable Network Adapter. Zan dawo kan dalilin.

Shigar da XP

Danna Start. Shuɗin allon nan da tsofaffin masu gyara suka sani zai bayyana. Danna Enter, sannan F8 don amincewa da sharuɗɗa. A kwamfutar cinya da yawa sai ka haɗa da Fn kafin F8 ya ji. Zai nuna maka fili mai gigabayit 20 da ba a raba ba, danna Enter, ka zaɓi NTFS mai Quick. Baba da ya ga kalmar format sai ya riƙe mini hannu, ya ce hotunan jikokinsa suna cikin kwamfutar. Na nuna masa fayil ɗin a cikin folda, na ce wannan kaɗai XP ke gani, ba ta ma san da sauran gidan ba. Kai ma ka kwantar da hankalinka, ba abin da zai taɓa fayilolinka.

Za ta kwafe fayiloli ta sake tashi da kanta. Idan ta rubuta cewa a danna kowane maɓalli don tashi daga CD, kada ka danna komai, in ba haka ba ka koma farko. Daga nan za ta ce saura minti 39, amma a injin yanzu ba ta kaiwa haka. Za ta nemi suna, da mabuɗin nan mai haruffa 25. Wajen agogo zaɓi layin GMT da ke da Monrovia a ciki, ba na Landan ba, don agogon Ingila yana matsawa da awa ɗaya a bazararsu, namu na Ghana kuwa ba ya motsi.

In linzaminka ya shige cikin tagar ya ƙi fitowa, danna Ctrl na hannun dama, zai sake ka. Wannan maɓallin shi ne hanyarka ta komawa wurin mai masauki a kowane lokaci.

Da koren tudun nan da shuɗin sama sun bayyana, je saman tagar ka danna Devices, sannan Insert Guest Additions CD image. Wannan shi ne kayan da ke sa baƙuwa ta saba da gida. Bi matakan, duk inda XP ta yi gargaɗin cewa ba ta san direban ba danna Continue Anyway, sannan ka sake kunna ta. Bayan haka allo zai riƙa bin girman taga, linzami zai riƙa shiga da fita ba riƙewa, kuma za a iya raba folda. Yawancin faifan XP suna ba da kwana 30 a tabbatar da lasisi kafin su kulle. Warware wannan tun ranar farko, kafin ka zuba aikinka.

In ka ga komai yana jan ƙafa, duba ƙasan tagar ta hannun dama. Idan akwai hoton koren kunkuru, Hyper-V na Windows ne ya riga VirtualBox kama furosesa. Ana kashe shi a Turn Windows features on or off, wani lokaci kuma sai an kashe Memory integrity a cikin Windows Security. Wannan na biyun kariya ce ga sabuwar kwamfutarka, don haka in saurin da kake samu ya ishe ka aiki, ni shawarata ka bar kunkurun.

Haɗa injin

Wannan shi ne abin da aka zo dominsa. Duk abin da ka jona a USB, mai masauki ke fara kama shi, sai ka miƙa wa baƙuwa da hannunka. Jona injin ka kunna shi, ka je Devices, sannan USB, ka zaɓi sunansa a jerin. Zai ɓace daga Windows 11 ya bayyana a XP, ta ce ta ga sabon kaya. Nan ne za ka sa ISO ɗin direban ta Devices, Optical Drives, ka girka kamar yadda ake yi a da. Don kada ka riƙa maimaita miƙawar kullum, kashe XP, shiga Settings, USB, danna alamar ƙari, ka zaɓi injin. Daga ranar, da an jona shi zai wuce wurin XP kai tsaye. Manhajar da ke aiki da ɗan mabuɗin USB mai kama da filashi ita ma haka za ka miƙa mata shi. Amma kada ka kuskura ka miƙa linzami ko allon rubutunka.

Injin Baba ba USB gare shi ba, tsohon baki ne mai allura 9 da ake kira siriyal, wanda kwamfutocin cinya na yanzu ba su da shi. Muka sayo wayar da ke mayar da USB zuwa siriyal. Cikin kan wayar akwai ɗan guntu, yawanci na FTDI ko Prolific ko CH340, kuma shi ma yana da nasa direban na XP, don haka ka tambayi mai sayarwa tun a shago. Na miƙa wayar ga XP, na girka direbanta, na buɗe Device Manager, na duba ƙarƙashin Ports na ga lambar da aka ba ta: COM3. Manhajar yankan kuwa tana nan tana neman COM1 irin na tsohuwar kwamfuta, shi ya sa gwajin farko injin ko motsi bai yi ba. Na canza ta zuwa COM3, na duba saurin aikawa a ɗan allon injin, 9600, na daidaita na manhajar da shi. Baba ya sa ragowar jar sitika, ya rubuta Nasara Daga Allah, ya danna. Wuƙar ta sauka, ta fara wannan ƙaran nata na kir-kir, yaran rumfar suka taso suna leƙe. Bai ce komai ba sai da ya ɓare harafin farko da farce ya ga gefensa sumul, sannan ya ce alhamdu lillahi.

Injin da bakinsa faffaɗa ne mai allura 25, irin na tsofaffin firinta, ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Wayoyin da ke mayar da shi USB yawanci firinta kawai suke yi wa aiki, ba sa ɗaukar ɗan mabuɗin manhaja na wannan bakin. Mai irin wannan gara ya nemi tsohuwar kwamfutar tebur mai bakin a jikinta.

Ɗaki aka ba ta, ba mabuɗin ƙofar gida ba

Yanzu dalilin kashe intanet. Tun 2014 ba a toshe ɓarakar XP a kai a kai. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a Windows ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila, abin ya kai Microsoft ta fitar wa XP gyaran gaggawa duk da ta riga ta sallame ta. Irin wannan gyaran ba abin jira ba ne. Kada ka shiga imel ko banki ko wani abu na kuɗi daga cikin XP. Duk abin da za a sauke, a sauke shi a Windows 11.

Hanyar shigar mata da fayil ita ce folda ta tarayya. Buɗe sabuwar folda guda a Windows 11, ka je Settings na VirtualBox, Shared Folders, ka ƙara ta, ka sa alama a Auto-mount. Za ta fito a My Computer na XP kamar wani diski. Folda ɗaya tak za ka raba, ba diskin C gaba ɗaya ba, domin duk abin da XP ke iya gani, cutar da ta kama ta ma tana iya taɓawa. Filashin kwastoma kuwa, wanda ya zaga wuraren buga takardu na Adum da Kejetia, kada ka miƙa shi ga XP ko sau ɗaya. Buɗe shi a Windows 11, ta bincike shi, ka kwafi zanen kaɗai zuwa foldar tarayya.

Da ka ga komai ya zauna, injin yana aiki, je Machine ka danna Take Snapshot. Wannan yana riƙe hoton XP yadda take a wannan lokacin. Ranar da wani yaro ya taɓa abin da ya rikita ta, sai ka mayar da ita kan hoton cikin minti ɗaya. Sai dai duk abin da aka ajiye a cikin diskinta bayan ɗaukar hoton zai tafi, shi ya sa nake cewa aikin yau da kullum a riƙa ajiye shi a foldar tarayya. Kuma hoton yana cikin kwamfutar ne, in ta ɓata ko aka sace ta, sun tafi tare. Ba a fafe gora ranar tafiya: kashe XP, je File, Export Appliance, ka fitar da ita a fayil ɗaya mai ƙarewa da ova, ka kwafe shi a diskin waje ka kai gida. Da wannan fayil ɗin, kowace kwamfuta mai furosesan Intel ko AMD da VirtualBox za ta tayar maka da ita ta Import Appliance, da direbobinta da salon rubutunta duka. Na Baba kwafi biyu muka yi, ɗaya yana wurin ɗansa.

Batirin kwamfutar cinya zai riƙe XP in wuta ta ɗauke, amma injin da cajar suna bukatar abin kare su daga wutar da ke dawowa da ƙarfi, tunda ita ta ci ta farkon. Mai kwamfutar tebur ya nemi UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, don yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil ɗin diskin.

Kafin in bar rumfar na rubuta wa Baba tsarin kullum a bayan wani kwali, muka liƙa a jikin teburin. Da safe a jona wayar a ramin USB ɗin da na ɗiga wa jan fenti, don canza rami yana iya canza lambar COM. A kunna injin, sannan a buɗe VirtualBox a danna Start. Da yamma a kashe XP daga cikinta, ta Start da Turn Off Computer, a jira tagar ta rufe da kanta, sannan a kashe Windows 11, a zare caja daga bango. Lokacin hunturu kuma a rufe kwamfutar da injin da zane kafin a ja ƙofa.